Inda Ruwan Esin Ya Bi

"A'a, kai ne za ka saurare ni. Ba zan buɗe ba. Mabuɗin yana nan ɗaure a bakin zanina, zanin kuma yana jikina. In kana da wanda za ka aiko ya kwance mini shi, aiko shi in ga idonsa."

Inna ce ke magana a waya da babban ɗanta, wanda duk gidan ke ce wa Manaja. Da kafaɗa ta tokare wayar a kunne, don hannayenta duk suna da aiki. Ɗaya yana riƙe da murfin kwali tana yi wa mijinta fifita, ɗayan kuwa mijin ne ya damƙe shi ya ƙi saki. Rana ta take tsaka. Firij ya yi shiru, fanka ta tsaya, esi, injin sanyin da ke maƙale a bango saman gadon, ya rufe bakinsa. Ba ɗauke wuta aka yi ba, ita ta kashe. Ta sauke babban makunnin gidan, ta rufe akwatinsa, ta ɗana masa kwaɗo.

"Na san abin da likita ya ce. Ina zaune aka faɗa, kai kana baranda kana waya. Gumin ma ga shi ina kallo, ba sai ka ba ni labarinsa daga ofis ba."

Auta, 'yarta ta ƙarshe, tana tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu, tana kallon uwar irin kallon da ake yi wa wanda hankalinsa ya fara sallama da mutane.

To, ba haka nan tsohuwa ke tashi tsakar rana ta kashe wa majinyaci sanyi ba. Abin yana da mafari.

Kafinta, mijin nata, ƙaton mutum ne ko a kwance. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, ya ɗauke masa dama gaba ɗaya, ya haɗa da baki. Abin da ya bar masa ido ne da hannun hagu. Manaja ya sayo gadon asibiti, na ƙarfe, mai shinge gefe da gefe don kada ya mirgino. Gadon ya fi ƙofar ɗakin faɗi, sai guntu-guntu aka shigo da shi aka haɗa a ciki, maza huɗu suka tura shi ya manne da bango, tsakanin taga da durowar kaya. Da suka tura, wani abu ya ce ƙas a bayan gadon, wajen soket. Aka ce ba komai. Tun ranar nan hannun hagun Kafinta ya sami abin riƙo. Mutumin da ya yi shekara hamsin da guduma a hannu ba ya iya barin hannu haka nan. Ƙarfen gadon nan yake damƙewa, ko barci yake yi.

Likita ya ce zafi ne babban abokin gabarsa, kada a bari ya jiƙe da gumi, kada jini ya sake hawa. Sai aka kafa esi. Manaja ya ce shi ba ya son ganin tiyo yana lilo a bango kamar hanji, don haka aka fasa bangon aka binne tiyon ruwan a ciki, aka shafe, aka yi fenti. Bakinsa kaɗai ya leƙo ta ƙasa-ƙasa, a wani siririn lungu da ke bayan ɗakin.

Da farko Inna ba ta so abin ba. Ta ce mutum da ransa an sa shi a firij kamar kifi. Sai ran nan ta zaga lungu ta tarar da ƙasa a jiƙe, tiyo yana ɗis, ɗis, ɗis.

"Au," ta ce, "ashe abin nan har fitsari yake yi."

Ruwa garai-garai, ba mai shi. Ta tara masa bokiti. Ta samo tsofaffin gwangwanayen fenti ta shuka barkono da tumatir da na'ana'a, ta jera su a lungun. Ita ba ta san abin da lambobin rimot ke cewa ba, amma ta san esin nan ta bokiti fiye da wanda ya kafa shi. Ranar zafi sau biyu yake cika, ranar da hadari ya haɗo sau uku.

Abin da ya hana ta jin daɗi bayanta ne. Ta duƙa ta ɗauka, ta duƙa ta mayar, in ta shagala da majinyaci kuma ya cika ya malale. Sai ta yi dabara. Akwai wata shuɗiyar gangar roba mai murfi da ta kai mata ƙirji. Ta mirgina ta zuwa lungu, ta huda murfin, ta kama bakin tiyon nan ta lanƙwaso shi sama, ta ɗaure shi tamau da tsumma a jikin ƙusa, ta zura bakin a cikin hudar. Ta ja da baya ta dubi aikinta, ta ce masu takarda su zo su ga yadda ake yi. Ta ƙudura ba za ta buɗe ba sai ta cika.

Kwana huɗu da yin haka abin ya fara.

Da safe ta shigo da shayinsa da cokali, ƙafa ba takalmi kamar kullum. Ƙafafunta sun daɗe da kumbura, ba silifas ɗin da ke ɗaukarsu, kuma tana son sanyin tayil. Ta sa hannu a bayan wuyansa za ta ɗago kansa, sai mutumin nan ya zabura, ya yi wata ƙara da ba ta taɓa jin irinta a bakin ɗan Adam ba. Shayi ya zube. Ya zaro ido yana kallonta, ita, ba bango ba, ba rufi ba. Ta ji yatsunta sun yi yam-yam kamar kiyashi na bin su, amma hannun nan ya yi shekaru yana mata haka saboda sanyin ƙashi, ba ta ko kula ba.

Auta ta shigo da gudu, taf-taf-taf, da silifas ɗinta masu kaurin ƙasa da ba ta rabuwa da su kamar da su aka haife ta. Ta dafa ƙirjinsa, ta ɗago kansa. Lafiya lau. Ya kwanta luf yana haki.

"Inna, me kika yi masa?"

"Cizonsa na yi. Da wane haƙorin?"

"Ba wasa nake ba, Inna."

"Ni ma ba wasa nake ba. Taɓa shi na yi."

Da rana ta zo goge masa baki, ya sake yi. Washegari ma haka. Auta ta juya shi, ta gyara masa matashi, ta canza masa riga, ko uffan. Inna ta sa masa ɗan yatsa, sai ya yi kamar an sa masa garwashi. Kwana na uku ba sai ta taɓa ba ma. Da ya ga ta miƙo hannu sai ya ƙanƙame ƙarfen gadon, ya runtse ido, hawaye na bin gefen fuskarsa zuwa kunne.

Auta ta ɗaga rigarsa tana duba jikinsa a asirce, wai ko za ta ga shaidar mintsini. Inna ta gan ta. Ta kawar da kai. Da yamma aka shiga ɗaki aka rufe ƙofa aka yi waya, sannan aka fito mata da hukuncin Manaja: daga yau kada ta ƙara taɓa shi. Auta za ta ɗauki hutu a makarantar da take koyarwa, ƙarshen wata a samo mai jinya.

"Yaya ya ce ba zarginki ake yi ba, Inna. Ya ce kin gaji ne."

"Ki ce masa na gode. Ki tambaye shi ko kallo ma an hana."

Aka ajiye mata kujera a bakin ƙofa. A nan take wuni, hannuwa a cinya, tana kallon su kamar na aro. Shekara hamsin da biyu suna tare. Da hannun nan ta cire masa sartse ba adadi, da shi ta ɗaure masa yatsa ranar da zarto ya ci shi. Ta dinga tono laifinta ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta ɓoye masa guduma don ya zauna gida ya sha magani. Ranar da ta ce masa kujerunsa duk ƙafa uku da rabi ne, a gaban abokansa. Ko ya tara ne yana jiran ranar da ba shi da baki ya biya ta da ido? Wanda ya fi tsorata ta kuwa ba ta iya faɗa wa kowa. Ta taɓa ji an ce mai shirin tafiya yana ganin abin da masu lafiya ba sa gani. In wani abu yake gani a tare da ita fa? In a hannunta abin da zai ɗauke shi yake zaune?

Cikin kwanakin nan ɗakin ya soma wani wari, irin na jiƙaƙƙen tsumman da aka manta a kwando. Auta ta ce esin ne, ta kira mai gyara.

Mai Esi ya zo da hantsi. Mutum ne mai fara'a da tumbi, da takalmin roba har ƙwauri, da tsani a kafaɗa. Wurin ya yi masa kaɗan, sai ya dafa ƙarfen gadon ya kafa gwiwa a kai ya hau. Ya buɗe fuskar esin ya zaro raga biyu da suka yi baƙi ƙirin, ya ɗaga su sama kamar ya kamo ɓarawo.

"Ga warinku nan! Hajiya, wannan duk sati biyu ake wanke shi. In ya toshe, injin yana wahala, yana shan wuta, sanyin kuma ba ya fitowa. Ku bar shi a ashirin da huɗu, ku saki labule, ku daina barin ƙofa a buɗe." Ya dubi Inna a kujerarta. "Mama ce ke shan rabin sanyin a bakin ƙofa."

"Ni iskar da ta yi saura nake sha," in ji Inna. "Ita aka bar mini."

Ya yi dariya, ya wanke ragar a famfo, ya zaga gaban gida ya auna gas a injin waje, ya ce a cike yake fam. Yana naɗe kayansa ta ce masa, "Ɗana, ka duba ruwansa kuwa?"

"Ina yake fita?"

Ta nuna masa lungu. Ya je, ya shigar da kafaɗa, tumbi ya ce shi ba da shi ba. Ya gwada ta gefe, tumbi yana nan kan bakansa. Sai ya tsaya daga baki ya miƙa wuya.

"Yana zuba dai, Mama?"

"A ganga nake tarawa."

"Ganga! Kai, kin fi mu dabara." Ya ɗauki tsaninsa ya tafi.

Ita ta ba shi amsa da bakinta. Wannan ta sha tuna shi daga baya.

Yau, kwana na tara da ɗaure tiyo, Auta ta fita ƙofar gida karɓar magani a hannun wanda aka aiko. Inna tana wanke kofuna sai ta jiyo tari daga ɗaki, irin tarin da ba ya fita. Ta leƙa. Kafinta ya zame daga matashi, kansa ya karkace, majina ta shaƙe shi, fuskarsa tana canza launi. Ta kira Auta sau biyu, shiru. Hukuncin Manaja bai ko zo mata a rai ba. Ta taka ta isa, hannu sharkaf da ruwan wanke-wanke, ta cafki wuyan hannunsa na hagu za ta jawo shi.

Wani abu ya kama ta. Ba kiyashi ba ne wannan karon. Ya shiga ta tafin hannu ya bi kafaɗa ya sauka har tafin ƙafa, yana girgiza ta kamar ana kakkaɓe tabarma. Ta ce wa hannun ya saki, hannun ya ƙi jin maganarta. Haƙoran da suka rage mata suna haɗuwa kaf-kaf-kaf. Tana kallon bayan Kafinta yana bankarewa daga katifa, bakinsa a buɗe, ba ƙara. Nauyin jikinta ne ya cece su. Gwiwa ta sage, ta faɗi da baya, hannun ya fizge.

Tana zaune a ƙasa Auta ta shigo. Majinar ta fita, yana numfashi, amma ya ciji harshe, jini ya ɓata matashi.

"Inna! Ba an ce ki bari ba? Kashe shi za ki yi?"

"Shaƙewa ya yi, na..."

"Fita. Don girman Allah, fita."

Ta fita. Ba ta da inda za ta yi kuka ba a gan ta ba sai lungu, can ta nufa, tana dafa bango. Ta tarar barkononta ya yi laushi, na'ana'a ta kwanta. Kwana da kwanaki ba ta ko tuna da su ba. Ta ce to, tunda ba ta da amfani ga mutum, bari ta yi wa ganye. Ta kama murfin gangar da hannu biyu, tana shirin jin nauyi da sanyin ruwa har baki.

Gangar a bushe take. Ƙura ce a gindinta, gizo-gizo har ya yi saƙa ya zauna.

Ta daɗe tana kallon gizo-gizon nan. Sannan ta kwance tsumman, ta saki tiyon ya faɗi ƙasa. Ya yi ɓul-ɓul, ya amayar da wani ruwa mai yauƙi da wari, bai fi kwano guda ba, ya tsaya. Ta lissafa da yatsu. Kwana tara, bokiti biyu-biyu. Bokiti goma sha takwas. Injin bai daina aiki ba ko na awa ɗaya. Ruwa kuwa ba ya hawa sama don an ɗaure shi a ƙusa, wannan ko akuya ta sani, ita ce dai ta manta. To ina ya bi?

Ta ɗaga kai. Bangon ya yi wani duhu mai faɗin ƙofa, fenti ya yi ƙuraje yana ɓarewa. Ta kai hannu za ta shafa, sai ta janye. A bayan duhun nan daidai kan Kafinta yake. A nan soket yake, wanda ya ce ƙas.

Sai ta tuna inda ta san cizon nan. Wata tsohuwar butar lantarki ce ta taɓa kama ta haka, tun Manaja yana goye. Ta dubi ƙafafunta, kumburarru, tsirara a kan ƙasa. Ta tuna silifas ɗin Auta. Ta tuna takalmin Mai Esi, da gwiwarsa a kan gado. Wuta tana cikin ƙarfe, ƙarfe yana hannun Kafinta, tana zaune tana jiran wanda zai ba ta hanya zuwa ƙasa. Duk gidan ba mai ba ta hanya sai mutum ɗaya. Kwana biyar bawan Allahn nan yana gaya musu da ido, su kuma suna duba mintsini.

Daga ciki ta jiyo ƙarar baho a ƙarƙashin famfo. Auta za ta wanke jinin.

Inna ta san 'yarta. In za ta yi aikin ruwa a kan tayil cire silifas take yi, wai suna santsi.

Rabonta da gudu tun kafin a haifi Auta. Ta yi shi. Ta bugi gwangwanin tumatir ya kife, ta fito lungu, ta bi ta kicin tana dafa duk abin da hannu ya samu. Tana karyo kwana ta hango su a bakin ƙofar ɗakin, silifas biyu a jere, an ajiye su da kyau. Auta tana ciki, baho a hannu, ruwa yana fallatsa a kan ƙafarta, saura taku uku ta kai gado.

"Tsaya! Kada ki taɓa shi!"

"Inna, don Allah ki bar ni in ji da abu ɗaya." Ko waiwayowa ba ta yi ba.

In ta tsaya bayani, an gama. In ta bi ta ta riƙe, su biyu ne a jiƙaƙƙen tayil. Akwatin wuta yana can ƙarshen baranda. Ta juya ta bar 'yarta tana tafiya wajen gadon, kuma duk rayuwarta ba ta taɓa yin abin da ya kai juyawar nan wuya ba. Ta fizge murfin akwatin. Ƙananan makunnai a jere, kowanne da 'yar takarda a ƙasansa da rubutun Manaja mai kyau. Rubutun ya kalle ta, ta kalle shi. Ta kama babban da hannu biyu ta rataya a jikinsa.

Ƙwas.

Gidan ya mutu. Ta tsaya riƙe da makunnin tana saurare. Ba ƙarar baho, ba ihu, ba komai. Ta ji kamar shirun nan ba zai ƙare ba.

"Kai!" muryar Auta daga ɗaki. "Sai yanzu suka ga damar ɗauke wuta?"

Inna ta jingina goshinta da bango. Daga nan ta je akwatin kayan aikin Kafinta ta ciro kwaɗonsa, ta rufe akwatin wutar, ta ɗaure mabuɗin a bakin zani. Sannan ta shiga ɗakin, ta ratsa ta gaban Auta, ta miƙa hannu.

Kafinta ya runtse ido, ya ƙanƙame ƙarfe, jijiyar wuyansa ta tashi. Ta ɗora tafinta a ƙirjinsa. Ta bar shi a nan. Numfashi ɗaya, biyu, uku. Ya buɗe ido ɗaya, sannan ɗayan. Ya dubi hannun, ya dube ta. A hankali yatsunsa suka saki ƙarfen, suka lalubo wuyan hannunta, suka damƙe.

"To, sarkin tsoro," ta ce masa. "Ni ce dai."

Auta ta ga wannan. Amma ta ga gumi ma, don ba a yi rabin awa ba ɗakin ya fara dahuwa. Inna ta ba ta labarin ganga da bango da silifas, a jere, ba ta rage nata laifin ba. Auta ta haska bayan gado da waya, ta ce danshi ne kawai, wane gida ne ba danshi. Suka gwada jan gadon, ko motsi bai yi ba, durowa ta tokare shi, ga nauyin mai shi. Maƙwabta maza duk suna wurin aiki. Auta ta ce a ɗaga makunni a kashe na ɗakin kaɗai. Inna ta ce ita ba ta yarda da takardar da ba ta san abin da ta ce ba, wa ya san wace waya ce ta bi ta bangon nan. Sai Auta ta kira Yaya. Yaya ya kira Mai Esi, Mai Esi ya rantse injin lafiyarsa ƙalau, shi da kansa ya hau gadon nan. Mai gyaran wuta kuma ya ce sai gobe da safe.

Shi ya sa ga ta nan da waya a kafaɗa. Ta sa Auta ta jiƙa tawul ta shimfiɗa masa a goshi da ƙirji, an buɗe taga, amma iskar da ke shigowa kamar daga tanda. Gumi yana taruwa a ramin wuyansa. Numfashinsa ya yi nauyi, tana jin bugun jininsa a yatsun da suka riƙe ta, da sauri-sauri. Ba ta san ko zai kai gobe a zafin nan ba. Wannan ba ta gaya wa kowa ba. Ta dai ƙara saurin fifita.

"Eh, ya hau gadon. Da takalmin roba ya hau. ... A'a, ban yi makaranta ba, ba yau ka sani ba. Da rashin makarantar na biya taka."

Ta saurara. Muryar cikin wayar ta yi tsawo, ta yi sama, ta sauko.

"Ni na ɗaure tiyon, ba wani ba. Ka rubuta a takarda ka manna a ƙasan sunana, kamar na makunnai. In ka zo ka yi mini duk faɗan da ka tara. Amma faɗa ba ya busar da bango."

Ta sake saurare. Auta ta matso, ta daina harɗe hannu, idonta yana kan silifas ɗinta da ke bakin ƙofa.

"Minti goma? Ɗakin ya ɗan yi sanyi a kashe? Hannunsa fa, ɗaure shi za a yi? ... Au, tsufa ne. Jijiya ce ke mini gizo. To."

Inna ta ajiye murfin kwalin a kan gado. Ta ɗauke wayar daga kafaɗa ta riƙe ta sosai a bakinta, ta yi magana a hankali, yadda take yi masa yana yaro in ta gama shawara.

"Na yarda, za a kunna. Ɗauko motarka ka zo. In ka iso ka cire takalminka da safa a bakin ƙofa, ka wanke hannu kada ka goge, ka tsaya daidai inda nake tsayawa, ka kama ƙarfen gadon nan da kyau. Ubanka dai ni zan riƙe masa hannu a sama, shi ya sha rabonsa. Auta ta ɗaga makunnin. In ka ƙirga goma kana tsaye, a bar shi a kunne har gobe."